Wanda Ya Samo Mana Ɗaki a An Sa

Laraba, 27 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Mun samu ɗaki. A gida na huɗu, kuma da ƙarya.

Jirgin fito ya sauke mu a tsibirin An Sa da hantsi, ni da ƙanwata Duyen da jaka biyu da cikinta, wanda shi kaɗai ya isa a ba shi kujera. Tsibirin yana nan yadda na bar shi shekara shida da suka wuce, lokacin da na zo bincike: zirin yashi, teku a gaba, tafki a baya. Idan mutum ya hau tudu yana ganin duka biyun, sai ya rasa wanne zai riga cinye ɗan abin da yake tsaye a kai. Har yanzu kaburbura sun fi gidaje kyau.

Gidaje uku sun rataya allo cewa akwai ɗaki. A kowanne, matar gidan ta dubi fuskata ta yi murmushi, ta dubi cikin Duyen, sai ɗakunan suka cika nan take. A ƙarshen Oktoba, a ranar da baƙi biyu ne kawai suka sauka daga jirgi.

Na huɗu na Goggo Luom ne, gidan bulo a kan tudu mafi tsayi, da katanga. Mace gajeriya, hannuwanta kamar na maƙeri. Ba ta ɓata lokaci da murmushi ba.

"Wata nawa?"

"Biyar, Goggo."

"Biyar? Wannan randar?"

"Tagwaye ne, shi ya sa."

Tagwayen gaskiya ne. Watan kuwa bakwai ne da mako biyu. Duyen ta sunkuyar da kai tana duban takalminta, wanda rabonta da ganinsa an jima.

Goggo ta ce, "Malama, ni fa ba a haihuwa a gidana. Ina da jirgi a teku, da 'ya'ya biyu a cikinsa. Ku ci, ku sha iska, ku koma ku haihu a gidanku."

Na ce, "Kwana biyar kacal."

Abin dariyar, ni na rubuta babi guda a kan wannan tsoron. Masunta sun ɗauka haihuwa tana kwashe sa'ar gida, kuma mai jego tana yawo da wata muguwar iska har wata guda: gidan da ta shiga, jirginsa zai dawo fanko, ko ya ƙi dawowa. A shafi na 112 na kundin digirina na ce wannan al'ada ta mutu, sai ɗan burbushi a bakin tsofaffi. An ba ni babban maki. Yau na gana da burbushin sau huɗu.

Inna ta ce kada mu zo. Amma Duyen ta yi wata uku a gidan surukarta ba ta yi dariya ba, mijinta Khiem yana can Koriya yana haɗa ƙofofin mota, ni kuma ina da hutu. Iskar teku ba ta kashe kowa.

Alhamis, 28, bayan abincin rana

Ta yi dariya. Ƙaguwa ta cafki ɗan yatsana, Duyen ta yi dariya har ta riƙe ciki da hannu biyu tana cewa, "Yaya Ngan, bari, za ki fito da su."

Tana saƙa huluna. Ta gama ruwan ɗorawa, ta fara shuɗiya. Na ce idan duka mata ne fa? Ta ce to sai ɗaya ta yi haƙuri, kamar yadda ita ta yi haƙuri da tsofaffin kayana shekara ashirin.

Ɗakin yana da gado mai faɗi, taga tana duban tsakar gida. A tsakar gidan akwai ɗan ɗakin turare a kan ginshiƙi, irin wanda ake yi wa waɗanda suka mutu da ƙuruciya. Na tambayi Goggo na waye. Ta ce na ƙanwar mijinta ne, amma ta tsufa da aikin, ba ta jin roƙo sosai yanzu. Da gaske take faɗa, kamar mai ƙorafi a kan ma'aikacin gidan waya.

Asabar, 30, da yamma

Goggo ta kawo miyar kifi da citta, ta tsaya a ƙofa tana kallon yadda Duyen take tashi daga tabarma.

"Wata biyar," ta ce.

"Biyar, Goggo."

"Ni na haifi shida, Malama. Ke nawa?"

Na ce ni littattafai nake haifa. Ta ce ai shi ya sa ban iya ƙirga ba.

'Ya'yanta, Sanh da Huy, yau kwanansu tara a teku. Ana sa ransu ranar Talata. Sama ta yi launin toka daga gabas. Duyen ta ce ko mu tafi gobe? Na ce mun ce Litinin, Litinin za mu tafi, kada mu bar wata tsohuwa ta kore mu da ido.

Na rubuta wannan don in tuna ni ce na faɗa.

Litinin, 1 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Ba fito. Ruwa tun jiya, ba ɗigo ba, zuba. Tafki ya hau har kan matattakalar tasha. Mai jirgin ya ce gobe.

Talata, 2, da azahar

Teku ya yanka tsibirin.

Haka kawai. Inda jiya akwai hanya da shaguna da gidaje kusan ashirin, yau ruwa ne yake gudu daga tafki zuwa teku, faɗinsa ya fi a yi kira a ji. Ɗakin shan magani, makaranta, gidan waya, hanyar da take kaiwa gada, duk suna wancan ɓangaren. Mu muna wannan: gidaje sittin, kaburbura ɗari uku, ɗakin bautar babban kifi, da malamar jami'a ɗaya.

Sanh da Huy ba su dawo ba. Jirage bakwai ba su dawo ba.

Duyen ta ce bayanta yana ciwo. Na ce sanyi ne.

Laraba, 3

Ba wata biyar ba ne. Duyen ta haihu. Yanzu kowa ya sani.

Alhamis, 4, da la'asar

Muna rumfar taru a bayan gari. Bango uku na kara, rufin kwano da ya rage rabi. Ta wani tsoho ce, Baba Kinh, mai ɗinkin taru. Ruwan Talata ya tafi da gidansa, yana kwana a ɗakin bauta tare da sauran waɗanda suka rasa gida. Can ba a ko maganar mai jego ta taka. Na tambaye shi ko shi ba ya tsoron iskar. Ya ce, "Jirgina yana ƙarƙashin teku shekara goma sha biyu, 'yata. In tana so ta je can ta same shi."

Ina so in rubuta cewa Goggo Luom muguwa ce. Zai fi mini sauƙi. Ita ta gudu cikin ruwan ta ɗauko ungozoma, Kaka Bon. Ita ta dafa ruwa. Bayan an gama, ita ta ɗauko tabarma da bargo biyu da kaskon gawayi a kanta, ta kawo har nan, tana kuka ba sauti. Sannan ta koma ta wanke ɗakin da gishiri. Abu ɗaya ta ce mini:

"Kin ce biyar."

Yarinya ce. Kaka Bon ta auna ta a sikelin kifi: kilo ɗaya da gram ɗari shida. Ta ce a ba ta mummunan suna don kada abubuwan da suke yawo su yi sha'awarta. Ta sa mata Kwaɗo. Ya dace da ita.

An rataya reshen ƙaya da guntun itacen da ya ci wuta a bakin rumfar, don kowa ya sani ya kauce. Na yi bayanin wannan alama a shafi na 113, har da zane.

Da sassafe mun hau tudun gabas ni da Baba Kinh. Shi ya ɗauki shebur. Ni na ɗauki akwatin shayi na katako, da ɗan'uwan Kwaɗo a ciki. Ba shi da nauyi.

Na wanke hula ruwan ɗorawa na shanya a kan kasko. Shuɗiyar tana cikin jaka. Ba ta yi datti ba.

Juma'a, 5, ƙarfe huɗu

Gidaje goma sha ɗaya yau.

Na sa rigata mai kyau, wadda na kawo don ɗaukar hoto. Na tsara magana kamar ta aji: jaririya ba ta kai lokaci ba, sanyi ne yake kashe irinta, bango huɗu da rufi kawai nake nema, ko ɗakin girki, ko inda ake ajiye alade. Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na san abin yi.

Wani mutum ya miƙo mini buhun shinkafa ta kan shinge, da busasshen kifi, da rigar sanyin matarsa. "Malama, ga duk abin da nake da shi. Ƙofa ce kawai ba ni da ita. Ƙanena yana cikin jirage bakwai ɗin nan."

A gida na tara wata mata mai goyo ta ƙura mini ido. "Ke ce mai littafin nan? Wadda ta zo tana yi wa kakata tambayoyi da rediyo?"

Na ce ni ce. Na ce kakarta da bakinta ta gaya mini an daina waɗannan abubuwan.

Ta yi dariya har goyon ya farka. "Haba Malama. Kin zo da tabarau da takalmi mai tsini, me za ta ce miki? Ta ce kada a je birni a rubuta mu ƙauyawa ne. Bayan kin tafi ma sai da ta turara kujerar da kika zauna, wai ba a san daga gidan wa kika fito ba."

Ta ba ni ƙwai huɗu. Ta ajiye su a ƙasa, ta ja baya, sannan na ɗauka.

Asabar, 6, da safe

Kwaɗo tana kwana cikin rigata, fata da fata, domin jikin Duyen yana rawa da zazzaɓi. Ban taɓa sanin mutum zai iya ƙirga numfashin wani yini guda ba tare da ya gaji ba. Wani lokaci takan manta ta yi. Sai in ɗan murza tafin ƙafarta, ta tuna.

Nono kaɗan ne. Muna tatsa a cokali, muna ɗiga mata. Kaka Bon tana zuwa sau biyu a rana da kunun shinkafa da kurkum. Kafin ta koma gidan ɗanta sai ta tsallaka wuta sau bakwai, kuma a baranda take kwana.

Na ce, "Kaka, ke da kika karɓi rabin garin nan da hannunki, kin yarda da wannan?"

Ta tofar da jan yawun goronta. "Ni ba a tambaye ni in yarda ba. Riƙe kanta da kyau, ke da karatunki kamar mai riƙe da kabewa."

Asabar, da yamma

Duyen ta yi magana, karo na farko tun Laraba.

"Yaya, a ina?"

Na ce a tudun gabas, ƙarƙashin itatuwa, wuri mai kyau.

"Yashi yana tafiya. Ke kika gaya mini yashin nan yana tafiya."

Na ce eh.

"Ba zan bar shi a nan ba. Za mu tafi da shi gida, kusa da kabarin Babanmu. Ki ce za mu tafi da shi."

Na ce za mu tafi da shi.

Lahadi, 7, ƙarfe biyu

Sojoji sun zo da ƙaramin jirgin roba. Sun kawo taliyar leda da ruwan sha, sun ɗauki wani mai karyayyar cinya. Shugabansu yaro ne ƙarami mai ladabi. Ya buɗe rigata da yatsa ɗaya ya duba, ya rufe.

Ya ce awa uku ne a buɗaɗɗen ruwa, cikin ruwan sama, kuma jiya igiya ta kifar da jirginsu ɗaya. "Yaya, in na ɗauke ta, gawa zan sauke. Akwai babban jirgi mai ɗaki yana zuwa. Ku ajiye ta wuri mai ɗumi."

Na ce yaushe?

Ya ce, "Kwana biyar kacal."

Na yi dariya. Ya ɗauka zazzaɓi ne, ya ba ni ƙwaya biyu.

Litinin, 8

Gidaje goma sha tara. Na samu bargo, man zafi, da kaza mai rai.

Talata, 9, da hantsi

Akwai jirgin katako ɗaya da bai fashe ba, mai rumfa. Na sami mai shi yana toshe ɓaraka. Na cire zoben Inna da agogona na ajiye a kan katako. Bai ko kalle su ba.

"Mai jego a jirgina? Malama, ko matata ba ta taɓa taka shi ba, kuma lafiyarta lau. Ɗauki kayanki kafin su jiƙa."

Na ce masa abin da na sani game da igiyar ruwa da iska da man inji, da cewa babu ɗaya da yake tambayar wa ya haihu. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Gaskiyarki. To ke za ki fita da shi jibi, ko ni?"

Ba ni da shafi a kan wannan.

Talata, da yamma

Na hau tudun gabas. Ban hau ba tun Alhamis.

Wani ya riga ni. Ba wani ɗaya ba. Tsinken turare ya fi talatin a soke cikin yashi, da alewa, da ɗan ƙoƙon madarar gwangwani, da ƙaramin jirgin wasa da aka sassaƙa. An kewaye kabarin da bawon katantanwa.

Baba Kinh yana zaune a gefe. Na ce mene ne wannan?

"Matan jirage bakwai ɗin ne. Kullum suna zuwa."

"Matan da suka rufe mini ƙofa?"

"Su. Ai shi daban ne, 'yata. Bai ci shinkafar duniya ba, bai yi wa kowa ƙarya ba. Irinsu teku yana jin maganarsu. Gidan da ya samu irinsa ya samu mai tsaro."

Na zauna. Na sani, na san wannan ma, babi na shida ne. Haihuwa tana kwashewa, mutuwa tana kawowa. Na rubuta shi da kyakkyawan salo.

Kwana shida ina yawo da mai rai a ƙirjina, ba wanda yake so. Shi kuwa har layi ake yi.

Baba Kinh ya nuna mini gaɓar da sandarsa. Ranar Alhamis taku goma sha biyu ne daga wurin zuwa inda yashi ya zube. Yau bakwai.

Laraba, 10, da safe

Taku biyar. Ban gaya wa Duyen ba.

Kwaɗo ta manta sau huɗu tun asuba. Leɓunanta sun yi shuɗi a na ukun, na hura mata a hanci. Kaka Bon ta leƙa sama, ta shinshina iska kamar kare.

"Ta arewa ce take zuwa. Gobe da yamma." Ta dubi bangon da babu. "Wannan ba za ta ga jibi a nan ba. Na faɗa miki ne don kada ki ce ban faɗa ba."

Na ce to me zan yi?

"Ke ce mai digiri."

Laraba, ƙarfe uku

Na sake bin gidajen da na riga na bi. Wannan karon ban tsara magana ba. A gida ɗaya na durƙusa a cikin taɓo. Matar ta durƙusa ita ma daga cikin shinge, muka yi ta kuka muna kallon juna, kamar mutum biyu a asibiti. Ba ta buɗe ba.

Kwana biyar kacal na ce. Kwana biyar.

Alhamis, 11, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Zan rubuta wannan daidai yadda ya faru, domin wata rana Duyen za ta tambaye ni, kuma ba na so in gyara shi.

Na hau tudu da gari ya waye don in ƙirga. Taku uku. Akwai mace a durƙushe da turare a hannu. Goggo Luom ce. Ta rame, ɗankwalinta a karkace. Ba ta ji zuwana ba. Tana magana da shi kamar yadda ake yi wa jikan maƙwabta: "Ɗan baƙo, ka yi haƙuri da tsohuwa. Sanh ne babban, yana da tabo a goshi. Huy ba ya iya iyo sosai, kada ka gaya wa kowa. In ka gan su ka nuna musu hanya."

Na tsaya har ta gama. Abin da ya zo mini ba tausayi ba ne. Wani abu ne mai sanyi, irin wanda nakan ji idan na gano amsar jarrabawa.

Na ce, "Goggo, teku zai ɗauke shi yau ko gobe."

Ta juyo. Ta dubi gaɓar. Ta sani.

Na ce, "Gidanki ne mafi tsayi. Kina da katanga. Kin ce ƙanwar mijinki ta tsufa da aikin."

Ta soke turaren a yashi. Sannan ta ce, "A gidana aka haife shi."

"A gidanki."

"To ba baƙo ba ne." Ta gyara ɗankwali. Muryarta ta koma irin ta ranar farko, ta ciniki. "Malama, ke na san bakinki. Ba na son na kwana biyar. In ya shigo, ya shigo ke nan. Ba ranar da za ku zo da mota da akwati mai kyau ku ce za ku kai shi birni. Zan yi masa ɗaki sabo, zan ba shi madara duk safiya, ni da 'ya'yana da jikokina. Za ku bar mini shi?"

Na ce uwarsa da 'yar'uwarsa fa?

Ta dube ni kamar na tambayi ko ruwa yana jiƙa. "Ɗan gida yana ciki, uwarsa tana kwana a rumfar taru? Da wane ido zan roƙe shi?"

"Iskar fa?"

"Shi zai tare ta. Ai tare suka zo."

Ya kamata in ce bari in tambayi Duyen. Rumfar ba ta fi tafiyar minti biyar ba. Na san abin da za ta ce, kuma na san ƙarfe nawa iskar arewa take tasowa.

Na ce, "Na bar miki shi."

Ta ce, "Rantse. Ba da littafi ba. Da ita." Ta nuna ƙirjina, inda Kwaɗo take.

Na rantse.

Alhamis, da magariba

Ɗakin nan ne dai. Gado mai faɗi, taga mai duban tsakar gida. Warin gishiri bai gama fita ba.

Shi ya fara shiga, cikin akwatinsa. Baba Kinh ya ɗauko shi, Goggo tana gaba da turare tana gaya masa inda dakali yake, kada ya yi tuntuɓe. Matan jirage bakwai sun biyo baya. Sannan aka ajiye kaskon wuta a bakin ƙofa, aka watsa gishiri, Kaka Bon ta riƙe Duyen ta tsallaka, ni na tsallaka da Kwaɗo. Matar da ta ajiye mini ƙwai a ƙasa ta ce, "Malama, ki rubuta wannan daidai fa."

Iskar ta zo kamar yadda aka ce. Ina jin ta tana dukan kwanon. Ba ta shigo ba. Akwai gawayi a ƙarƙashin gado. Kwaɗo ta yi awa biyu ba ta manta ba. Ta sha cokali shida.

Duyen tana kwance tana kallon taga. Ta ga inda aka haƙa, ta ga bulo da aka jera.

"Yaya, me ya sa suke gini? Ai na ɗan lokaci ne."

Na gaya mata. Ban gyara ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo hannu, na ɗauka ni take nema. Kwaɗo take so. Na ciro ta daga rigata na ba ta. Ta juya mini baya.

Ƙirjina ya yi sanyi inda take kwanciya.

Juma'a, 12

Tudun gabas babu shi. Itatuwan ma sun tafi. Na gaya wa bayan Duyen. Bayan bai amsa ba.

Jirgi ɗaya cikin bakwai ya dawo. Ba na Goggo ba ne. Ta ƙara madara a ƙoƙon.

Asabar, 13, da azahar

To bari in rubuta.

Namiji ne. Shi ya fara fitowa, ƙarfe biyu da rabi na ranar Laraba, a kan gadon nan. Ya yi numfashi kamar minti ashirin a hannuna. Yana da kunnuwan Babanmu. Ba a ba shi mummunan suna ba, ba a samu lokaci ba.

Ina da digiri biyu da harsuna uku. Na ƙwanƙwasa ƙofa sittin, wasu sau biyu. Shi bai ce komai ba aka buɗe.

Lahadi, 14, a cikin jirgi

Babban jirgin ya zo, kwana biyu bayan kwana biyar ɗin. Akwai ɗaki, akwai likita, akwai ma'auni na gaske: kilo ɗaya da gram ɗari bakwai. Likitar ta ce wa ya riƙe ta haka? Na ce mutane da yawa.

Kafin mu fito Duyen ta buɗe jaka ta ciro shuɗiyar hula. Ta wuce ni, ta je tsakar gida, ta ba Goggo.

"Idan ta arewa ta taso, ki sa masa."

Goggo ta karɓa da hannu biyu. Har yanzu ba labarin Sanh da Huy. Ta ce, "Ranar uku ga watan nan, kowace shekara, ɗakin nan ba na ba kowa. Ko da ciki kika zo." Sannan ta juyo gare ni. "Kwana nawa zan riƙe muku, Malama? Kada ki ce mini biyar."

Na buɗe baki. Duyen ta riga ni.

"Ba ita za ki tambaya ba, Goggo. Ɗana ne."

Tana zaune yanzu a ɗaya gefen ɗakin jirgin, Kwaɗo a cikin rigarta, fuskarta a taga. An Sa ya zama ɗan farin zare tsakanin ruwa biyu. Tun ɗazu ni na daina gane gidan. Ita har yanzu tana kallon wuri ɗaya.

Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baɗi ke za ki ɗauki jakunkuna."

Na ce to.